Wadda Aka Ce Ta Warke

Ranar da Lombe ta haɗiye ƙwayar ƙarshe ta maganin tarin fukan da ya hau mata ƙwaƙwalwa, ƙaninta Kasonde ya saya mata sabon zani, ya ce ran Lahadi za ta tsaya gaban jama'a. Shekara guda ta yi tana shan maganin nan, tun tana kwance ba ta san wanda ke kanta ba har ta miƙe. A cocin da Kasonde ya buɗe a unguwar Chamboli cikin birnin Kitwe, rumfar kwano ce da bencina, ya kama hannunta ya ɗaga sama. Ya gaya wa mutane likitoci sun sallama ta, sun ce a kai ta gida a jira rai ya yi halinsa, shi ne ya ɗora mata hannu ta tashi.

Ba haka aka yi ba. Babu likitan da ya taɓa sallama ta. Amma Lombe ta ja bakinta, da aka buga ganga ma ta taka rawa. Ita ta goye Kasonde bayan uwarsu ta rasu, da tallan busasshen kifi ta rene shi har ya zama mutum. In 'yar wannan ƙarya za ta cika masa benci, ina abin da ya rage ta?

Benci kuwa suka cika. Kafin damina ta kama, sai da aka ƙara rumfa ta gefe. Mutane suka riƙa zuwa daga Wusakile, daga Mufulira, wasu su taɓa gefen zaninta, wasu su miƙo mata jarirai. Da ta ce za ta koma ɗakinta na haya da teburinta na kasuwa, Kasonde ya ce ina, yayar Fasto ba ta zama cikin ƙarnin kifi. Ta zauna a gidansa tana taya matarsa, Bana Mapalo, wato uwar Mapalo, girki da wanki.

Ruwan sama bai daɗe da farawa ba ciwon kai ya dawo. Ba irin na dā mai zazzaɓi ba ne. Wannan da safe yake zuwa, ya danne ta kamar an ɗora mata buhun masara a tsakar ka, sai ta yi amai sannan ya ɗan saki. Daga nan ƙafafunta suka soma yi mata gardama. Za ta tashi ta nufi famfo, sai tafin ƙafar ya manne da ƙasa, ta tsaya tana roƙonsa ya ɗagu. Ta tuna abin da likita ya ce mata ranar da ta gama magani: cutar ta mutu, amma takan bar tabo a ciki, in kai ya sake ciwo ko ido ya canza, kada ta kwana ba ta zo ba.

Ta sami Kasonde yana cin nshima, tuwon masara, da rana, ta durƙusa gefe ta gaya masa. Ya daɗe yana mulmula lomar a tafin hannunsa bai kai baki ba. Can ya kira ta da "Ba", kalmar da suke sa wa sunan babba don girmamawa.

"Ba Lombe, kin san masu share asibitin nan da masu tura gado rabinsu a cocina suke? Su gan ki a layi da kati a hannu, ran Lahadi in tsaya in ce musu me?"

Ta ce ba sai an gan ta ba, za ta lulluɓe kanta. Ya ce ai ba idon mutane kaɗai ba ne, akwai idon Allah. Wanda aka warkar ya koma neman ƙwaya, ya mai da kyautar kenan. Shaiɗan ne ke ƙwanƙwasa ƙofa ya ji ko da kowa a gida. Ya wanke hannu, ya dafa kanta ya yi addu'a har jijiyar wuyansa ta fito, sannan ya ɗora mata azumi. A cikin azumin ta faɗi a bakin murhu, garwashi ya ƙone mata gwiwar hannu.

Bana Mapalo tana da nata bayanin. Takan ce mutum in ya saba a kawo masa abinci har kan gado, ba ya son tashi. Da maƙwabciya ta tambayi me ya sa Ba Lombe ke tafiya kamar mai tsallake ƙaya, sai ta yi dariya ta ce, "Likita ya ce ta warke, Fasto ya ce ta warke, ita kaɗai ce labarin bai iske ba." Ta ƙara mata aiki don jinin ya motsa. Lombe ta riƙa wanki a zaune, tana jan gindi daga baho zuwa baho. Wani lokaci sai ta ga kanta riƙe da riga a jiƙe, ba ta san ko ta wanke ta ba ko yanzu za ta fara. Ta sa gishiri sau biyu a miya. Ta kira Mapalo, 'yar gidan, da sunan uwarsu ita da Kasonde, wadda ta rasu.

Abin da ya raba ta da falo, ranar Alhamis ya faru, matan coci sun taru addu'a. Aka zaunar da ita a kujerar tsakiya yadda aka saba, don baƙi su gan ta. Ana cikin waƙa ta ji ɗumi yana bin cinyarta. Ba ta ji zuwansa ba, ba ta kuma iya tsai da shi ba. Ya gangaro daga kujera ya bi siminti har ƙarƙashin takalmin wata dattijuwa. Waƙar ta mutu a bakin mutane ɗaya bayan ɗaya. Bana Mapalo ta yi maza ta ce ruwan addu'a ne ya zube daga gora, ta jawo tsumma. Babu wanda ya yarda, babu kuma wanda ya musa.

Kashegari aka kwashe buhunan gawayi daga ɗan ɗakin da ke bayan gida, aka shimfiɗa leda, aka jefa katifa a kai. Kasonde ya ce na ɗan lokaci ne, wurin ya fi shiru, za ta fi jin muryar Ubangiji. Aka ajiye mata bokiti. Sakatar ƙofar ta waje take, aka ce saboda yara ne. Duk wanda ya zo neman ta, sai a ce ta shiga keɓewa, tana addu'a saboda jama'a, ba ta ganin kowa. Mutane suka ƙara girmama ta.

A ɗakin nan idonta ya soma tafiya. Da farko ƙofa ce ta zama biyu. Sannan gefe da gefe suka rufe, ya zama kamar tana leƙen duniya ta bakin kwalba. In an turo kwano, sai hannunta ya sauka a ƙasa kusa da shi. Ta gaya wa Bana Mapalo. Matar ta tsaya a kanta da tsintsiya, ta ce yau kuma sabon salo aka fito da shi, jiya ƙafa, yau ido, gobe sai kunne. Ta ce bari ta gwada. Ta kawo mata hannu ta gefe da ƙarfi, wai don ta ga ko za ta kauce. Lombe ba ta ga zuwansa ba. Marin ya sauka a kuncinta har kunnenta ya yi ƙara.

Bana Mapalo ta yi tsaye, ita ma abin ya ba ta tsoro. Can ta ce, "Ke ma dai, Ba Lombe, ai sai ki kauce." Ta fita ta ja sakata.

Wata safiya aka manta ba a sa sakatar ba. Lombe ta dafa bango ta miƙe. Ta san daga ƙofar gida zuwa titi ba nisa, in ta kai titi wani zai ji tausayinta ya sa ta a mota. Ta fita ta bayan gida tana jan ƙafa, tana lalube. Ta wuce shingen ƙaya, ta ji ƙarar motoci tana matsowa. Lambatun da ke bakin hanya ne ba ta gani ba. Ta faɗa ciki, ruwan wanke-wanken unguwa ya kai mata har ƙirji, ta kasa fita.

Kasonde da kansa ya tsamo ta. Wani yaro ne ya sheƙa ya gaya masa. Ya cire kwat ɗinsa ya rufe mata fuska, ya goya ta a bayansa, yana ce wa waɗanda suka leƙo wata baiwar Allah ce aka kawo addu'a. A ɗakin gawayi ya sauke ta, ya kawo ruwan ɗumi ya wanke mata ƙafafu da hannunsa. Ta ji hawayensa yana ɗiga a ƙaurinta.

"So kike ki rusa ni? Duk abin da na zama ke ce. Yanzu kuma ke ce za ki tsaya a titi ki nuna ni maƙaryaci ne?"

"Kasonde, ba na gani," in ji ta. Maganar da kyar take haɗuwa a bakinta. "Ka kai ni."

Ya ce zai kai ta, ya rantse. Ya roƙa ta ba shi zuwa bayan bikin Ista kawai. Wani babban bishop zai zo daga Lusaka ya naɗa shi a gaban jama'a, kuma saboda labarinta ne zai zo. Da an gama, zai ɗauki mota ya kai ta wani gari inda ba wanda ya san su. Ta gyaɗa kai. Tun yana ƙarami in ya yi kuka ba ta iya ce masa a'a.

Ista ta zo. Daga ɗakin tana jin lasifika, tana jin sunanta yana tashi, jama'a na amsawa da halleluya. Aka ce wa bishop ta tafi dutse yin addu'a. Bayan Ista sai aka shiga aikin rufin sabon gini, Fasto ba shi da lokacin kansa. Bayan rufi sai motar da zai ara ta lalace. Sanyi ya shigo. Lombe ta daina tambaya, don ba kullum take tuna abin da za ta tambaya ba. Barci ya yi mata yawa. Ɗan hasken da ke shigowa ta ƙasan ƙofa ya yi ta ƙanƙancewa, ran nan ta farka tana jin zakaru da ƙarar tsintsiya a tsakar gida, amma gari bai waye mata ba.

Bana Chomba ce ta buɗe ƙofar. Teburinsu ɗaya a kasuwa shekara da shekaru, mace ce mai jiki da murya. Ta sha zuwa ana sallamar ta daga bakin ƙofa da zancen keɓewa. Wannan karon ta ce za ta kama ruwa, ta zaga baya, wari ya kai ta ɗakin. Ta zare sakatar. Lombe ta ji an ja numfashi, sannan aka kira sunanta a hankali kamar ana tsoron ya fashe.

Bana Mapalo ta biyo ta tana cewa wannan gidan Fasto ne, ba a shiga ko'ina ba izini. Bana Chomba ta ce ko kare ne aka ɗaure a nan, da maƙwabta sun yi magana. Ta ce in mace ce ita ta tare ƙofar ta gani. Ta kwance zaninta na sama ta naɗe Lombe, ta sungume ta kamar damin itace, ta fita da ita ta ƙofar gaba, rana tsaka, kowa na kallo.

A babban asibiti aka ɗauki hoton kanta. Likitar mace ce, muryarta ta gaji. Ta ce tabon da cutar ta bari ya toshe hanyar da ruwan ƙwaƙwalwa ke bi, ruwan ya taru yana matse komai. Za a yi aiki, a sa siririn bututun roba ya riƙa sauke ruwan zuwa ciki. Ƙafa za ta iya dawowa, hankali ma haka. Ta haska idon Lombe da tocila ta daɗe, sannan ta ce jijiyar gani ta riga ta bushe. Da tun lokacin da kai ya fara ciwo aka zo, da ba a kai nan ba.

Lombe ta ji ƙamshin turaren Kasonde kafin ta ji takunsa. Likita ta tambaye shi ina suke duk waɗannan watannin.

"Likita, babu irin roƙon da ba mu yi mata ba," ya ce, muryarsa a karye. "Ta ce ita ta gama da asibiti, ko gawarta kada a kawo. Yayata ce, ita ta rene ni, yaya zan yi in ɗaure ta?"

Bana Chomba ta tafi sayen sabulu da bokiti, ba ta wurin. Likita ta juyo kan Lombe ta yi mata faɗa, irin faɗan wanda ya ga abu ɗaya sau da yawa har ya ishe shi. Ta ce an gaya mata ta dawo, ta ƙi, ga shi ta sayar da idonta a banza. Lombe ta buɗe baki. Maganar tana nan, tana jin ta, amma sai ta tattaro ta ɗaya-ɗaya kamar mai tsince wake a cikin yashi. Kafin ta haɗa ta farko da ta biyu, takalman likita sun yi gado na gaba. Kasonde ya gyara mata bargo, ya yi addu'a da ƙarfi yadda duk ɗakin zai ji.

Aka yi aikin. A hankali nauyin da ke kanta ya sauka. Ta soma riƙe fitsari, ta soma takawa tana dafa gadaje. Hankalinta ya dawo sarai, kuma shi ne abin da ya fi yi mata ciwo, don ya dawo da komai: ledar, bokitin, marin, hawayen da ya ɗiga a ƙaurinta. Ido dai bai dawo ba. Matan coci ko ɗaya ba ta zo ba. Bana Chomba ta ce a can an sanar cewa Ba Lombe ta tafi ƙauye kai bishara. Waɗanda suka ga an fito da ita a naɗe kuwa, an ce musu wata mahaukaciya ce da aka ajiye ana yi mata addu'a, danginta suka zo suka ɗauke.

Bana Chomba ta so ta tafi da ita gidanta, amma ɗaki ɗaya ne, ga miji ga 'ya'ya. Ta ce a ba ta kwana biyu ta san yadda za ta yi. Kasonde bai jira ba. Ranar sallama ya zo da sassafe, kafin kasuwa ta saki kowa, ya sa hannu ya ɗauke ta. Lombe ta lura motar ba ta karya ta hanyar Chamboli ba. Sai da ta ji hayaniyar tasha da kiran 'yan kamasho sannan ya yi magana. Ya ce gwaggonsu da ke Mporokoso tana jiran ta, iskar ƙauye za ta fi yi mata, a gari ba mai kula da ita yadda ya kamata. Gwaggon nan ta tsufa har ita ma sai an ja ta. Likita kuma ta ce bututun yana iya toshewa, kada Lombe ta yi nisa da babban asibiti. Lombe ta tuna masa. Ya ce Allah da ya fara aikin shi zai ƙarasa, ta daina kawo shakka.

Ya zaunar da ita kusa da taga, ya ɗora mata ƙullin kayanta a cinya da burodi, ya damƙa ta a hannun yaron mota. Ya sunkuyo ya ce in wani ya tambaya, kada ta faɗi sunansa, saboda aikin Allah. Ta ji turarensa ya yi nisa.

Matar da ta zauna kusa da ita mai son hira ce. Kafin su fita gari ta ɓare mata ayaba ta sa mata a hannu. Ta ce a garin Mansa za ta sauka. Ɗanta na fari yana kwance a asibiti a can, tarin fuka ya hau masa kai, wata biyu kenan ana ɗura masa ƙwayoyi, wuya a sanƙare, sauƙi kaɗan-kaɗan. Ta gaji. Shi ya sa ta zo Kitwe, ta ga wani Fasto a Chamboli, ya ce ta ɗauko shi ta kawo. Yayarsa ma irin ciwon ne ya kama ta, likitoci suka sallama, ya ɗora mata hannu ta tashi. Yanzu haka tana can tana yawon bishara.

Lombe ta ajiye ayabar. Ta laluba ta kamo hannun matar, ta kai shi bayan kunnenta, ƙarƙashin ɗankwali, inda aka aske gashi. Ta bi da yatsun matar kan ɗinkin, ta gangaro da su wuya, inda bututun ya kwanta ƙarƙashin fata kamar igiya.

"Kin ji wannan? Ni ce yayar tasa. Sunana Lombe. Magani na sha shekara guda na tashi, ba hannunsa ba ne. Da ciwon ya bar mini tabo, shi Faston ya kulle ni a ɗakin gawayi har na makance. 'Yar'uwa, ki bar yaronki inda yake. Ya shanye maganinsa, kuma ko bayan ya gama, in ya ce kansa na ciwo ki ruga da shi."

Matar ta zare hannunta, ta goge shi a zani. Ta matsa can gefen kujera har motar ta wuce wani shingen 'yan sanda. Sannan Lombe ta ji ta tana latsa waya, sai ga ƙarar ganga da muryar Kasonde siririya tana fitowa daga ciki.

"Ga ta nan," in ji matar. "Ga ta tana rawa, jiki a murje, idonta biyu tar. Ke ko kunya ba ki ji? Dama Fasto ya ce zan gamu da masu son karya mini zuciya a hanya."

Ta kira yaron mota ta ce a canza mata wuri, ba ta iya zama kusa da wannan. Wani mutum mai warin taba ya dawo kujerar, ya jingina ya kama barci.

Da suka isa Mansa rana ta yi sanyi. Lombe ta ji muryar matar a ƙasa tana cigiyar jakarta. Ta laluba ta zuge gilashin tagar ta leƙa kai, ta ɗaga murya iya ƙarfinta ta ce don Allah a bar yaron a asibiti. Ba ta san ta wane gefe matar take ba, sai ta riƙa juya fuska tana faɗa wa kowa. Masu tallan gyaɗa suka yi dariya. Wani ya ce a rufe tagar, ƙura na shigowa. Yaron mota ya miƙo hannu ta kanta ya ja gilashin, ya buga jikin motar, suka ɗauki hanyar arewa.